Neman Sunan Yayana a Littafin Alƙali

Yayana majemi ne. Ranar da ɗan aiken alƙali ya zo kiransa, hannuwansa na cikin kwatarniyar bagaruwa har gwiwar hannu, ni kuma ina gefe ina ware jar fatar da zan kai kasuwa. Dattijon ya yi sallama, ya toshe hanci da gefen rawaninsa, ya ce ana neman yayana gobe da hantsi, wani ya kai ƙararsa. Na ce ƙarar me? Ya ce ƙarar bauta. Na tuntsire da dariya, don na ɗauka ya ɓata gida ne. Yayana bai yi dariya ba, ya ci gaba da murza fatarsa.

Bari in faɗi ko mu su wane ne, don ba na ɓoyewa. Innarmu baiwa ce a da, a gidan wani attajiri mai fataucin hatsi a nan cikin birnin Sakkwato. A gidan ta haifi yayana, tun Turawa ba su shigo ba. Ni sai bayan sun zauna aka haife ni, kuma mahaifinmu ya rasu ban san shi ba. Ina goye a bayanta ciwo ya kwantar da attajirin, ya so ya aika wani abu gaba saboda lahirarsa, sai ya sa wakilinsa ya kai Inna gaban alƙalin wancan zamani aka 'yanta ta. Da wannan labari muka tashi: an 'yanta ta, ita da 'ya'yanta, an rubuta, an ba ta takarda. Muka bar gidan, yayana ya koyi jima, ya yi aure, ya haifi 'yarsa. Kusan shekara ashirin babu wanda ya taɓa ce mana kanzil.

Wanda ya kai ƙarar ƙaramin ɗan attajirin ne. Shi ya gaji rinjin ubansa a hayin gulbi, wato gonar da bayi suke nomawa, kuma mutanen rinjin sun watse sun bar shi da ciyawa. Sai ya tuna da yayana, ƙato mai ƙarfi. Abin da ya faɗa a gaban alƙali shi ne, ubansa baiwar kawai ya 'yanta, yaron kuwa yana nan cikin dukiyar gado, an dai kau da kai ne aka bar shi ya bi uwarsa.

Alƙalin mutum ne mai sanyin magana. Yana zaune kan buzu a soronsa, magatakardansa na gefe da alƙalami. Ya dubi mai ƙarar ya ce, "Mutum ya shekara ashirin shina zaman kansa, ya yi aure ba ka hana ba. Ina shaidunka?"

Mai ƙarar ya fara kame-kame. Wakilin ya mutu, tsofaffin gidan sun ƙare. Da na yi shiru a wannan wuri, da shi ke nan, da mun koma majema kafin azahar. Amma ni tun ina yaro bakina ba shi da linzami. Mutumin ya waiwayo ya dube mu sama da ƙasa, ya ce ai kowa ya san 'ya'yan baiwa idan ya gan su. Zuciya ta ɗebe ni, ban san lokacin da na tashi tsaye ba.

Na ce, "Allah shi gafarta malam, ba sai an wahal da kowa neman shaidu ba. A rubuce yake. An 'yanta shi tare da uwarmu, muna da takarda, kuma shina cikin littafin alƙali."

Alƙali ya dube ni. Sannan ya ce, "Zauna. Da bakinka ka shaida muna bawa ne a da. Yanzu nauyi ya bar kan mai ƙara ya dawo kanku. Ku kawo rubutun da anka 'yanta shi nan da kwana goma. In babu, zai bi wanga mutum."

A hanya yayana bai ce mini komai ba. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ban damu sosai ba a ranar farko, tunda takarda na wuyan Inna. Rubutun Larabci ne, mu kuwa duk abin da aka rubuta da Larabci ba mu yarda ya taɓa ƙasa ba, don haka tun da daɗewa yayana da kansa ya ninke ta ya ɗinke ta cikin jar fata kamar laya, Inna ta rataya. Ko wanka za ta yi, sai dai ta maƙale ta a danga. Da yamma muka kira wani malami maƙwabcinmu, yayana ya sa aska ya farke ɗinkin da ya yi da hannunsa. Takardar ta manne da juna. Zufar shekara da shekaru ta ratsa fatar, tawada ta narke ta zama dabbare-dabbare. Da malamin ya gwada buɗe ta sai ta riƙa ɓarɓashewa a yatsunsa. Bisimilla kaɗai ya iya karantawa. Na daure na ce ba komai, ai akwai littafi.

Washegari na je wurin magatakardan alƙali. Na gaishe shi, na ajiye masa goro, na ce ina son a duba mini littafin shari'un da. Ya ce littattafan da ke hannunsa daga ranar da aka naɗa wannan alƙali suka fara. Na tsohon alƙali, wanda ya yi shari'ar Inna, ba su taɓa shigowa soron nan ba, in je gidan marigayin in tambaya. Gidan yana can wajen Hubbare. Na ratsa masu ziyara da masu sayar da turare, na zauna a zaure tun hantsi har la'asar kafin babban ɗansa ya fito. Mutumin kirki ne, ba zan ɗauki alhakinsa ba. Ya shigar da ni wani ɗaki da gafakokin littattafai ke rataye a bango, wasu gara ta ci gindinsu, ya ce in duba. In duba me? Na yi allo, na iya karatun salla, amma Larabcin shari'a ko kalma ɗaya ban sani ba. Na tsaya tsakiyar ɗakin kamar jaki a masallaci. Ya ga halin da nake ciki, ya sauke su ɗaya bayan ɗaya yana dubawa har magariba ta gabato, duk littattafan karatun ubansa ne. Sannan ya tuna cewa bayan rasuwar tsohon, mutanen Bature sun zo sun kwashe littattafan shari'a sun kai bariki, wai za a duba, ba a dawo da su ba. Kwana biyu sun tafi.

Bariki na bayan ganuwa, kuma ni ban taɓa zuwa ba. Mutum irina ba ya kai kansa inda Bature yake sai dole. Masinjan da ke bakin ƙofa, wani tsohon soja mai tabo a kunci, ya nuna mini gindin ɗurumi ya ce in jira. Na jira yini guda ba a kira ni ba. Rana ta biyu aka shigar da ni gaban akawu, wani mutumin kudu mai farin wando, Hausarsa a karye. Ya ce mece ce lambar shari'ar? Na ce ban san shari'a na da lamba ba. Ya ce wace shekara? Na ce shekarar da nake goye. Ya ajiye alƙalaminsa ya yi dariya har da buga tebur, ya kira abokin aikinsa ya maimaita masa. Na ce ya taimake ni don Allah, ɗan'uwana za a mai da bawa. Ya ce a wurin Bature babu bawa, an hana, in koma gida in kwantar da hankalina. Na ce to ya zo ya gaya wa alƙali haka. Ya ce wannan shari'arku ce ta gargajiya, ofis ba ya sa baki sai an ɗaukaka ƙara, kuma ba a ɗaukaka ƙarar da ba a yanke ba.

Nan ma bakina ya so ya kashe ni. Na gaya masa maganar da ba zan maimaita ba yanzu da furfurata. Masinjan ya damƙi wuyan rigata ya fitar da ni waje kamar buhun dawa. Na zauna a gindin ɗurumin, ni ƙato da gemuna ya fara tsirowa, na yi kuka a gaban masu jiran haraji. Tsoro nake ji, ba wani abu ba. Ina ganin yayana da fartanya a hayin gulbi, matarsa da 'yarsa a gidanmu, kuma ni na jawo.

Masinjan ya bari na gama, sannan ya zo ya tsaya a kaina. Ya ce, "Kai wawa ne, amma na ji abin da ke tahe da kai. Littattafan Larabcin na cikin sito, an jibge su bayan fitilu da igiyoyi. Babu mai karanta su nan. Akawu ba zai buɗe maka ba sai da takardar alƙali. In ka samo ta, ka zo da mai karatu, don wanga bai san alif ba."

Na ce wa zan kawo? Ya ce in nemi tsohon magatakardan marigayin, in yana da rai, shi ya rubuta su.

Na koma gari da gudu, na tarar alƙali ya tashi. Washegari Juma'a, ba a zama. Asabar na samu takardar, bayan na durƙusa wa magatakarda har gwiwata ta yi ciwo, na isa bariki an rufe ofis tun tsakar rana. Lahadi kuma ta Bature ce. Kowa da ranar hutunsa, ni kuwa kwanakina na zuba. Lahadin nan na yi ta yawo a gari ina tambayar tsohon magatakarda, daga wannan zaure zuwa wancan, har na same shi a wani lungu bayan marina, zaune kan tabarma yana jan carbi. Ya tsufa ƙwarai, idonsa ɗaya ya yi fari fat, ɗayan ma sai a hankali. Na faɗa masa komai. Ya ce shari'un da ya rubuta sun fi gashin kansa, ba zai tuna da wata baiwa guda ba. Kuma littattafan ba da sunan mutane aka jera su ba, da kwanaki ne, yau abin da aka yi, gobe abin da aka yi. In ba a san shekara da wata ba, sai a yi wata uku ana buɗe shafi.

Na ce kwana uku suka rage mini. Ya ce to in je in tambayi uwata abin da ta tuna, ko mene ne.

Inna na kaɗi a tsakar gida da na shiga. Tun da aka fara maganar nan ba ta ci abin kirki ba, kullum da safe tana Hubbare tana roƙo. Na ce ta tuna mini lokacin. Ta ce ita ba ta san lissafin shekara ba, amma watan azumin tsofaffi ne, don uwargidan attajirin na azumi a ranar, kuma gero ya fara fitar da kai, don ta ga haka a gonakin bakin ganuwa. Na ji kamar in kama kaina in jefar. Wannan ne za a nemi littafi da shi? Amma da na kai wa tsohon, sai ya gyara zama. Ya ce ai ta faɗi komai. Watan azumin tsofaffi yawo yake yi, bana yana cikin damina, bayan wasu shekaru yana cikin rani. Ya riƙa lanƙwasa yatsu yana komawa baya, yana motsa baki, sannan ya ce shekara uku ne kawai a zamanin marigayin watan ya faɗo daidai fitar kan gero. Littafi uku ke nan, wata ɗaya a kowanne.

Litinin da sassafe na ari jakin maƙwabcinmu na ɗora tsohon, ina jan akala har bariki. Akawun ya karɓi takardar alƙali ya juya ta sama da ƙasa, ya harare ni, ya ba masinja mabuɗi. Littattafan na ƙasa a sito, ɓeraye sun ci gefen wasu, wasu ruwan rufi ya taɓa su. Ba a yarda mu fita da su ba, sai a baranda. Tsohon ya zauna inda rana ke bugawa, ya kai shafi har kan hancinsa, yana bin layi da yatsa. Kafin ma ya gane wane littafi ne na wace shekara, rana ta take tsaka. Yana karantawa yana tsayawa yana ba ni labari: wannan rigimar rijiya ce, wannan mutumin maƙaryaci ne, Allah ya jiƙansa. Sau biyu na buɗe baki zan ce ya bar surutu, na cije leɓe, don na riga na ga abin da bakina ke haifarwa. Muka gama littafin farko babu komai, akawu ya ce a tashi.

Talata, kwana na tara, muka shiga na biyu. Idon tsohon ya fara zubar da ruwa, yana sharewa da hannun riga. Wajen azahar yatsansa ya tsaya. Ya karanta sunan attajirin, ya karanta sunan wakilin, ya karanta sunan Inna. Na durƙusa a gabansa ina cewa alhamdu lillahi. Ya karanta da Larabci har ƙarshe, sannan ya mayar mini da Hausa: wane, ta bakin wakilinsa, ya 'yanta baiwarsa wance saboda Allah, ita da ɗanta namiji mai shan nono da ke bayanta.

Na ce, "Ci gaba, baba."

Ya ce, "Ya ƙare. Na ƙasa shari'ar jaki ce."

Na ce ya sake dubawa, ko a gefe, ko a bayan shafin. Ya duba don ya faranta mini, ya girgiza kai. Na ce to mantuwa ya yi, yayana a lokacin yaro ne ɗan shekara takwas, yana wurin a ranar, kowa ya gan shi.

Ya ce, "Ban yi mantuwa ba. Duk macen da anka kawo, sai na tambaye ta, ɗiyanki nawa, don in rubuta su. Abin da ta ce shi na rubuta." Ya juyo da idonsa mai gani wajena. "Shi wanga da kake nema, shi ne na fari?"

Na ce shi ne. Sai ya rufe littafin a hankali, ya ce, "Ayya."

Ban bukaci ya ƙara komai ba. A wurinmu mace ba ta kama sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta san da shi. In an tambaye ta 'ya'yanta, sai ta tsallake shi ta fara daga na biyu. Kunya ce, kuma da ita ake gane macen da ta samu tarbiyya. Ni na tashi ina ganin haka a gidanmu kamar yadda nake ganin randa a gindin bango, ban taɓa tsayawa na dube shi ba. Inna ba ta taɓa kiran yayana da suna ba, sai dai ta ce "wancan," ko ta aike ni in gaya masa tuwo ya sauka. Kuma abin da ya fi ƙona mini rai, ni da aka rubuta ban ma bukaci rubutun ba, tunda duk wanda aka haifa bayan zuwan Turawa ɗa ne a dokarsu.

Na kama ƙafar tsohon. Na ce hannunsa ne, tawada na nan a teburin akawu, kalma biyu kawai zai ƙara, babu wanda zai sani, kuma ba ƙarya ba ce tunda abin da attajirin ya nufa ke nan. Ya ce shi bai ji daga bakin attajirin ba, kuma saura kaɗan ya je ya tarar da alƙalinsa a lahira, ba zai je da wannan ba. Na ce to mu ce ba mu samu ba. Ya ce ko ba a samu ba ai hukuncin ɗaya ne. Wallahi na dubi shafin nan na yi niyyar yage shi in cusa a baki, sai na ga ko na cinye shi babu abin da zai canza. Masinja ya zo ya sa tsinke a wurin, ya ce gobe shi zai kai wa alƙali da kansa.

Na mai da tsohon gida, na shiga namu da la'asar. Inna na tankaɗe. Ban ko gaishe ta ba.

Na ce, "Inna, ran da anka kai ki gaban alƙali, an tambaye ki ɗiyanki nawa?"

Hannunta ya tsaya a kan rariya. Ta ce an tambaye ta.

"Mi kinka ce?"

Ta ce, ba ta dube ni ba, "Soro cike da maza. Wancan shina tsaye bakin ƙofa, kowa na ganinsa. In buɗe baki in ƙirga shi? Na nuna na bayana. Na ɗauka wakili zai faɗi sauran, ai ya sani."

Abin da na gaya mata a ranar, Allah ya yafe mini. Na ce kunyarta ta sayar da ɗanta. Na ce ta zaɓi a ce mata mai tarbiyya, ga shi nan ta samu, sai ta dafa ta ci. Na faɗi wasu ma da suka fi haka, da ƙarfi, har maƙwabta suka yi tsit. Gari na zuba daga rariyar a ƙasa ba ta sani ba. Ina cikin yi na ji an riƙe mini kafaɗa ta baya. Yayana ne, ashe ya dawo daga majema yana zaure yana ji. Ya ce, "Ya isa. Ba ita ta tashi tsaye gaban alƙali ba." Wannan ce kaɗai maganar da ya taɓa yi mini a kan abin da na yi, kuma ta ishe ni har yau.

Laraba muka hallara. Masinja ya kawo littafin, magatakarda ya karanta, ya fassara. Mai ƙarar na murmushi yana gyara hula. Inna ta biyo mu, ko da yake babu wanda ya kira ta, ta zauna can baya wajen mata cikin lulluɓi. Alƙali ya tambaya ko muna da sauran magana. Ni dai na sunkuyar da kai, na koyi darasina a makare. Sai muka ji muryar Inna daga baya.

Ta ce, "Allah shi gafarta malam, ina da magana." Ta taso ta zo tsakiyar soron, a gaban maza sun fi na wancan karon yawa, ta nuna yayana da hannu. Ta kira sunansa, cikakke, na yanka. Ta ce, "Ɗana ne. Shi ne ɗan farina, ni na haife shi. Ɗiyana biyu ne. A rubuta."

Wata tsohuwa a baya ta rufe baki da hannu. Yayana ya ɗago kai ya dube ta, ita kuma ba ta kau da ido ba.

Da alƙali ya yi magana, muryarsa ta ƙara sanyi. Ya ce, "Baiwar Allah, babu mai musun ɗanki ne. Don ɗanki ne, kuma kin haife shi kina cikin mallakar mutum, shi ya sa ake wagga shari'a. Wanda ke da ikon cewa a rubuta ya mutu."

Ya yanke cewa yayana na cikin gadon. Ya ce yana da damar ya fanshi kansa, kuma mai ƙarar ba shi da ikon ƙi, amma kafin a kammala fansar zai zauna ƙarƙashin ubangijinsa ya yi masa noma. Magatakarda ya rubuta. Wannan karon na ga ya rubuta sunan yayana, don na bi alƙalamin da ido.

Bayan kwana biyu na raka shi bakin gulbi. Damina ta kusa, mai gonar na sauri. Ya ɗauki tabarmarsa da wuƙar jimarsa, ko da yake babu abin da zai jeme a can. Tun daga ƙofar gari nake ta magana, ina rantsuwa zan riƙe majemar, zan kula da matarsa da 'yarsa, ba zan huta ba sai ya dawo. Yana jina yana gyaɗa kai. Da muka isa, mai fito na jiran mutane su cika, muka tsaya a kan yashi. Na ce ya yafe mini. Yana kallon ruwa, sai na ga bakinsa ya ɗan motsa kamar mai son dariya.

Ya ce, "Ashe ta san sunan nawa."

Ya shiga jirgin, ya zauna ya ba ni baya. Damina uku ya yi a rinjin kafin mu gama fansarsa. Inna ta rasu a ta biyu, kuma saƙon bai kai masa ba sai bayan an rufe ta.